Kurakuran uwa mai rubuta tarihin rayuwarta da yadda za ta gyara su

Mace takan shafe shekara 20 a gidan aure ana kiranta Maman wane, har sunanta na yanka ya zama ba ta jin sa sai a layin asibiti ko a banki. Idan irin wannan uwa, wadda raino da girki da jinya suka cinye kwanakinta, ta ɗauki biro domin rubuta tarihin rayuwarta, kuskure mafi girma shi ne ta sake ɓacewa a cikin labarin. Za ka ga shafi 30 sun tafi a kan ranar da yaro ya fara rarrafe, da wahalar yaye, da sakamakon jarrabawa, amma ita mai rubutun ba a ji abin da ke ranta ba. Gyaransa shi ne ta bi kowane shafi ta tambayi kanta inda take tsaye a lokacin da abin da take so. Maimakon ta ce jaririn ya yi ƙiba a kwanakin jego, sai ta nuna mana kanta a tsakar gida a Tudun Wada da asubahin hunturu, ana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata, ga kunun kanwa yana jira, ita kuwa tunaninta yana kan karatun da ta bari a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Kunya ce ke haifar da kuskure na biyu. Al'adar da ta hana uwa ambaton sunan ɗan farinta takan bi ta har kan takarda, sai kowace wahala ta ƙare da "sai haƙuri". Haƙuri hali ne nagari, amma mai karatu yana buƙatar sanin abin da aka haƙura da shi: daren da aka kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi, ko gajiyar jinyar surukar da ba ta iya tashi. Baba ta Karo, wata dattijuwa Bahaushiya wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954, ta yi maganar aure da saki da kishi ba ɓoye-ɓoye, kuma wannan ne ya sa har yau ake karanta ta.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su mayar da littafin wurin ramuwa a kan kishiya ko dangin miji. Ni a ganina, duk babin da aka rubuta cikin fushi ya kamata ya kwana wata guda a akwati kafin a sake duba shi, a sauya sunaye, a kuma nemi yardar 'ya'yan da suka girma kafin a fitar da sirrinsu, domin labarin fitsarin kwance na yaro nasa ne.

Wasu sukan fara daga ranar haihuwarsu su jero shekaru kamar takardar neman aiki. Ya fi kyau a fara da rana guda mai nauyi, sannan a ɗaure labarin gida da abin da gari ya sani, kamar rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 da ya sa iyalai da yawa sauya unguwa, ko rufewar masaƙun Kakuri da ta bar magidanta ba albashi. Wadda take shakkar wata shekara tana iya tambayar manya ko ta leƙa Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna.

Jiran samun lokaci kuwa yaudarar kai ce, tunda aikin gida ba ya ƙarewa. Minti 15 bayan sallar asuba ya isa, ko ta naɗi muryarta a waya tana tsinke alayyahu, ta juye a takarda idan yara sun tafi Islamiyya. A saman shafin farko kuma ta rubuta sunan da aka raɗa mata ranar suna.