Darasi na 9: Saƙonnin da Ke Tayar da Sabbin Ƙwayoyi a Ƙwaƙwalwa

Iyayena da yayyena, akwai maganar da ake yawan ji a ajin yamma, ko a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango. Hajiya za ta rubuta harafi, ta goge da bakin mayafi, ta sake rubutawa, sannan ta ture allon ta ce: "Malam, kaina ya bushe, karatu sai yara." Maganar tana yi mini ciwo, domin ba gaskiya ba ce.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Da su muke tunani da tuna abu. Da can masana ma sun ɗauka idan mutum ya girma ba ya ƙara ko guda. Haka Santiago Ramon y Cajal na Sifaniya ya koyar, shi da ya sami kyautar Nobel a 1906. A 1962 Joseph Altman ya ga alamar sabbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye a Amurka, amma ba a saurare shi ba. Sai a 1998 Peter Eriksson na Suwidin da Fred Gage suka duba ƙwaƙwalwar mutum biyar da suka rasu da ciwon daji, duk sun haura shekara 50. Kafin rasuwarsu likitoci sun yi musu allurar wani sinadari mai yi wa sabuwar ƙwaya alama. An sami alamar.

Wurin da aka same ta ana kiransa hifokamfus. Guda biyu ne, dama da hagu, can ciki daura da kunne. Shi ke riƙe sabon abu: sunan wanda ya ci bashinki jiya, ko lungun da kika bi a kasuwar Kejetia ta Kumasi har kika iske mai atamfa.

A nan ne wasu ƙwayoyi suke zaune, ana ce musu uwayen ƙwayoyi. Yawancinsu barci suke yi. Ba sa tashi su haihu sai an aiko musu da saƙo, kuma saƙon sinadari ne. A jikin kowace ƙwaya akwai makarɓa, kuma kowane saƙo da makarɓarsa, kamar yadda kuɗin da aka turo ta waya ba ya shiga sai lambar da aka tura wa. Idan saƙo ya sauka, makarɓar ta miƙa shi ciki, har ya kai ga tsakiyar ƙwayar inda umarnin da aka gada daga iyaye yake. Daga nan ƙwayar ta san abin yi.

Saƙo na farko sunansa Noc. Ƙwaya maƙwabciya ce ke ba da shi, jiki da jiki, kuma abin da yake cewa shi ne: zauna, kada ki tashi. Kada ku ga kamar mugunta ce. Da aka kashe wannan saƙo a jikin ɓeraye, uwayen sun tashi gaba ɗaya, suka haihu da yawa, ba a jima ba suka ƙare. Barcin nan shi ke sa su kai mutum tsufa.

Na biyu sunansa Wint. Wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke kewaye ne ke fitar da shi. Shi kuma cewa yake: tashi, ki rabu biyu, 'yarki ta zama ƙwayar jijiya.

Haihuwa dai ba ita ce ƙarshe ba. Da yawa daga cikin jariran ƙwayoyin nan suna mutuwa cikin makonnin farko. Wadda za ta rayu sai ta miƙa rassa, ta haɗu da tsofaffin ƙwayoyi, ta shiga aiki. A ɓera wannan yana ɗaukar mako 4 zuwa 8. Saƙon da ke taimaka mata ta rayu shi ne BDNF, kuma ƙwaƙwalwa ta fi fitar da shi idan tana aiki, jiki kuma yana motsi. Akwai kuma mai hana ruwa gudu, wato kotisol, sinadarin da ke yawa a jini idan damuwa ta daɗe. Shi rage haihuwar yake yi.

Ƙwayoyi nawa ake haifa a ƙwaƙwalwar mutum? Masana na jayayya. A 2013 wasu a Suwidin sun ƙiyasta 700 kullum a kowane hifokamfus. A 2018 wasu a Amurka suka ce da ƙyar suka ga ko ɗaya a manya. A 2019 kuma wasu a Madrid suka ga jariran ƙwayoyi har a mai shekara 87. Yawancin bayanin saƙonnin nan daga ɓeraye aka samo shi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a cikin mota da kwalba yana cewa maganinsa na tsirar da ƙwaƙwalwa, ki riƙe kuɗinki.

Abin da ke hannunmu ba ya cin sisi. A 1999 an sa wa ɓeraye keken gudu a keji, sai sabbin ƙwayoyinsu suka kusa ninkawa. A shekarar kuma aka ga cewa koyon sabon abu mai ɗan wuya yana ceton jariran ƙwayoyi daga mutuwa. To, Baba, idan ƙafa da lafiya, a sauka daga mota tun kafin a iso, a taka sauran. Mai koko da ke tashi kafin asuba ta nemi lokacin rama barci, domin rashin barci yana rage haihuwar sabbin ƙwayoyin, haka ma giya. A riƙa auna hawan jini. Damuwa kuma a faɗa wa ɗan'uwa ko likita, kada a haɗiye.

Shi kansa karatu yana da tasa hanyar. A 2010 an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen Barazil da Fotugal da suka koyi karatu bayan sun girma. An ga wani yanki a bayan kai, ta hagu, ya koma yana amsa haruffa kamar na waɗanda suka koya tun suna yara, ko da bai kai nasu ƙarfi ba. Wannan tsofaffin ƙwayoyi ne suka sake haɗuwa a sabon tsari, kuma maimaici ne ya kawo shi.

Aikin gida

Karanta sakin layin da ya yi bayanin Noc da ƙarfi, sau biyu, ga wani a gida. Sannan a amsa a rubuce: me ya faru da ɓerayen da aka kashe wa wannan saƙo? Wane sinadari ne ke yawa idan damuwa ta daɗe?

A wannan mako a bi wata hanya da ba a saba bi ba zuwa kasuwa ko masallaci. A kwafo kalmomi biyar daga allunan shaguna, a zo da su aji, kowa zai karanta nasa ya kuma kwatanta mana hanyar da ya bi.