Yadda Ake Zama Malamin Jami'a a Fannin Nazarin Motsa Jikin Yara

Wanda yake son ya yi suna a wannan fanni daga Sakkwato, abu na farko da zai riƙe shi ne jikin yaro yana da nasa tsari idan yana gudu ko wasan ƙwallo. Zuciyarsa tana bugawa kusan sau 200 a minti idan ya kai ƙurewar ƙoƙari, gumin da yake fitarwa bai kai na babba ba, kuma yana wartsakewa da sauri bayan gudu mai tsanani. Gano dalilan waɗannan bambance-bambance, da amfani da su wajen kula da lafiyar yara, shi ne aikin gaba ɗaya.

Ƙofar shiga biyu ce: digiri na farko a ilimin aikin sassan jiki, ko kuma a ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, kamar na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan sai digiri na biyu da na uku, domin da wuya malami ya kai matsayin babban lakcara, balle farfesa, ba tare da digirin dakta ba. Wanda ya riga ya samu aikin koyarwa yana iya neman tallafin TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu.

Inda ya kamata a tsaya a yi dogon tunani shi ne zaɓen tambayar bincike. Manyan cibiyoyin fannin suna ƙasashe masu sanyi, kamar wadda masanin motsa jikin yara Oded Bar-Or ya jagoranta a Jami'ar McMaster da ke Kanada, da ta Jami'ar Exeter a Ingila. Sakkwato kuwa tana da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai tayar da asma, ga yara masu sikila waɗanda iyayensu ke hana su wasa saboda tsoro, ga matasa masu fara azumi suna kuma buga ƙwallo da la'asar. A ganina, ɗalibin da ya bar waɗannan ya tafi kwaikwayon binciken Turai ya yi asarar jarinsa mafi tsada.

Rashin na'urar auna iskar numfashi ba hujja ba ce ta zama ba tare da yin bincike ba. Gwajin gudun kai da komo na mita 20 yana buƙatar fili, da awo, da lasifika kawai, kuma masu bincike a duniya sun amince da shi. Da wannan za a iya duba ƙarfin zuciya da huhun ɗaliban firamare, a kuma haɗa da tambayar ko suna samun minti 60 na motsa jiki a rana, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Kafin a taɓa yaro ko ɗaya, sai an samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da izinin iyaye a rubuce, da yardar yaron da kansa. A nan garin, hikima ce a fara gaida shugaban makaranta da mai unguwa, a kuma sa mace ta auna 'yan mata. Batun balaga yana da nauyin faɗa, amma dole a yi la'akari da shi, domin yara biyu masu shekara 13 suna iya bambanta ƙwarai a ƙarfi. Ana iya ƙiyasta shi daga tsayin yaro a tsaye da a zaune, ba tare da duba jikinsa ba.

Ƙarin girma a jami'a yana rataye ne a kan takardun da aka wallafa. Mujallar Pediatric Exercise Science, wadda ta fara fitowa a 1989, tana cikin wuraren da ya dace a nufa, a kuma guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga aiki ba tare da tantancewa ba. A aji kuma, a riƙa fitar da ɗalibai fili da sassafe su ƙidaya bugun zuciyar junansu kafin gudu da bayansa, domin daga cikinsu ne za a samu mataimakan bincike na shekara mai zuwa.