Yadda Ake Wanke Tabarau da Adana Shi Ba Tare da An Karce Shi Ba

Yawancin tabarau ɗin da na ga sun lalace, ba faɗuwa suka yi ba, ba kuma zama aka yi a kansu ba. Masu su ne suka lalata su da hannunsu, kuma a wajen gogewa. Na sha ganin wanda ya karɓi sabon gilashi daga wurin masu duba ido, tas da shi, amma kafin shekara ta zagayo ya fara ƙorafin cewa yana gani dishi-dishi, wai an haɗa shi da jabu. Ka karɓa ka ɗaga shi saitin fitila, sai ka ga zane-zane sirara sun yi zobe-zobe a tsakiyar gilashin, daidai inda babban yatsa ke murzawa da gefen riga. Wannan ba aikin kamfani ba ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, abin da muke kira gilashi yanzu, galibi ba gilashi ba ne, roba ce. Akwai CR-39 da aka fara yin tabarau da ita tun 1947, akwai folikabonet mai wuyar fashewa wadda ake yawan sa wa yara da masu wasanni, akwai Trivex, akwai kuma masu lamba 1.60 ko 1.67 ko 1.74 da ake yi wa masu buƙatar tabarau mai ƙarfi sosai don kada gilashin ya yi kauri. Dukkansu sun fi gilashin gaske rashin nauyi, amma sun fi shi taushi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake yi musu shafe hawa-hawa: na taurarawa a ƙasa, na hana ƙyalli a kansa, wanda shi ne ke ba da ɗan launin kore ko shuɗi idan ka karkata gilashin, sai na can sama mai santsi wanda ke hana ruwa da maiƙo mannewa. Shafen hana ƙyallin nan bai kai kaso ɗaya cikin ɗari na kaurin silin gashi ba. Duk wankin da za ka yi, shi kake taɓawa.

Mataki na farko: wanke hannu

Kada ka raina wannan. Da yatsunka za ka wanke gilashin, to idan akwai man shafawa ko maiƙo a hannunka, ka ƙara masa datti ne kawai. Ka wanke da sabulu, ka ɗauraye sosai.

Mataki na biyu: ɗauraya kafin komai ya taɓa gilashin

A nan kusan kowa ke faɗuwa, kuma a nan zan daɗe.

Mutum ya ga tabo a gilashinsa, sai ya cire, ya hura masa iska da baki, ya kama gefen riga ya murza. Wani ya fi shi kula, yana da ɗan ƙyallen da aka ba shi tare da tabarau, sai ya zaro shi daga aljihu ya goge a bushe, yana ganin ya yi daidai. Dukansu biyun ɓarna ɗaya suke yi. Ba ƙyallen ne ke karce gilashi ba, ƙurar da ke kan gilashin ce, shi ƙyallen jan ta kawai yake yi yana danna ta.

Ƙurar da ke sauka a kan tabarau ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke gani. A cikinta akwai ɓurɓushin yashi, shi kuwa yashi mafi yawansa dutsen kwaz ne. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana kan lamba 7, gilashin taga na wajen 5.5, farcen mutum kuma 2.5. Wato ƙwayar yashi tana iya karce gilashin gaske ma, balle roba. Ƙwaya ɗaya tak ta shiga tsakanin ƙyalle da gilashi, ka danna ka juya, ta bar zane. Ba za ka gan shi a ranar ba. Gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, sau uku ko huɗu a yini, har zanen ya taru ya zama hazo. Daga nan sai ka ga fitilun mota da dare suna tartsatsi a idonka, kana ta gogewa ba ya fita, domin ba datti ba ne kuma.

Saboda haka, ka tara tabarau ɗin a ƙarƙashin famfo, ruwa ya gudana a kansa ciki da waje na wasu daƙiƙu, ba tare da ka sa yatsa ba tukuna. Ruwan ne zai ɗauke ƙurar. Idan babu famfo a kusa, ka zuba daga kofi ko gora, amma ruwan ya zama mai gudu. Kada ka tsoma shi a kwano kana jujjuyawa, yashin na nan a cikin ruwan, zai koma inda ya fito.

Ruwan ya kasance mai sanyi ko mai ɗan ɗumi wanda hannu ba ya jin zafinsa. Ruwan zafi ba ya cikin lissafi sam. Zan zo kan dalilin a gaba.

Na san za a ce ba kullum mutum ke kusa da ruwa ba. Gaskiya ne. Idan kana kan hanya, ka fara hure ƙurar da ƙarfi, sannan ka fesa ruwan goge tabarau a ɓangarorin biyu har ya jiƙe sharkaf, ba ɗan fesi ɗaya na rowa ba, kafin ƙyalle ya sauka. Idan wannan ma babu, ni a wurina gara ka haƙura da tabon har ka isa inda ruwa yake. Tabo na fita, karce ba ya fita.

Mataki na uku: ɗigon sabulu

Sabulun ruwa na wanke kwanuka shi ne zaɓina, kuma ban ga abin da ya fi shi ba, ga shi bai kai tsadar ruwan fesawar da ake sayarwa a 'yan kwalabe ba. Ɗigo ɗaya ƙarami a kan yatsa ya isa gilasan biyu. A nemi wanda ba a haɗa shi da man laushin fata ba. Sabulun wanka da na wanke hannu masu mai a ciki su ne ke barin wani farin maiƙo da za ka yi ta bi da ƙyalle yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Garin sabulun wanki kuwa kada ya zo kusa, ƙwayoyinsa ba sa narkewa duka.

Ka murza a hankali da tafin babban yatsa da manuniya, ciki da waje. Sannan ka bi inda mutane ke mantawa: gefen da gilashi ya haɗu da firam, 'yan robobin da ke zama a kan hanci, gadar da ke tsakiya, da ƙafafun har ƙarshensu da ke lanƙwashe a bayan kunne. Nan ne gumi da maiƙon fata da hoda ke taruwa. Wanda ya wanke gilashi ya bar firam, cikin awa ɗaya maiƙon zai sake hawowa.

Idan firam ɗinka na ƙarfe ne, ka leƙa ƙarƙashin robobin hancin. Sau da yawa za ka tarar da wani koren datti ya daskare a wurin. Jan ƙarfen da ke cikin haɗin firam ɗin ne gumi ya ci, shi ya ba da wannan launi. Tsohon buroshin haƙori mai laushi da ɗan sabulu zai fitar da shi, amma ka rufe gilashin da yatsanka, kada buroshin ya taɓa shi ko kaɗan. Idan robobin sun yi rawaya sun taurare, ba wanki suke so ba, canji suke so, kuma aikin minti kaɗan ne a wurin masu haɗa tabarau.

Mataki na huɗu: ɗauraya da busarwa

Ka ɗauraye har santsin sabulu ya tafi gaba ɗaya. Ga wata dabara: ka rage famfon ya zama siririn ruwa marar fantsama, ka riƙe gilashin a tsaye ka wuce da shi ta ƙarƙashin ruwan a hankali. Idan shafen saman na da rai, ruwan zai zame ya bar gilashin kusan a bushe, sai 'yan ɗigo biyu ko uku. Ka girgiza shi sau ɗaya a hankali, ka ɗauke ragowar da ƙyallen maikirofaiba, irin wanda ake bayarwa a cikin gidan tabarau. Dannawa kaɗan-kaɗan ta isa, ba sai ka dirje ba.

Tishu da takardar goge hannu daga itace ake yin su, suna da kaushin da fata ba ta ji amma shafen gilashi na ji, ga kuma ɓurɓushin da suke bari. Tawul ɗin wanka da gefen riga da mayafi duk sun kwashi ƙura da maiƙo. A bar su.

Shi kansa ƙyallen sai an yi maganarsa, domin shi ne wuri na biyu da ake faɗuwa. Akwai wanda tun ranar da aka ba shi ƙyallen bai taɓa wanke shi ba, yana yawo a aljihu tare da makulli da tarkace, ya yi baƙi ya yi ƙyalli don maiƙo. Irin wannan ƙyalle yashi ne a naɗe. Ka mallaki biyu ko uku. Duk mako ka wanke wanda ka yi amfani da shi da hannu, da ɗigon sabulun kwanukan nan, ka ɗauraye sosai, ka shanya a inda ƙura ba ta kaiwa. Kada a sa masa ruwan laushin tufafi, yana toshe zarensa ya bar maiƙo a kan gilashi. Wurin zamansa cikin gidan tabarau ne. Idan ya faɗi ƙasa, ya tafi wanki ke nan.

Abubuwan da ba a kusantar da su

Ruwan goge tagogi mai amoniya, bilic, ruwan khal, da ruwan goge jan farce. Na ƙarshen nan ya fi duka haɗari, asiton ɗin da ke cikinsa na cin folikabonet, yana kuma narkar da firam ɗin roba. Sanitaizar hannu ma ba a yi ta don gilashi ba. Turare da feshin gashi, ka gama fesawa kafin ka sa tabarau.

Sai maganar man goge baki da ke yawo a intanet, wai yana cire karce. Ba ya cirewa. Karce rami ne a jikin gilashi, ba abin da za a share ba. Man goge baki na da ɓurɓushi mai dirzar haƙori, abin da zai yi shi ne ya kankare shafen da ke kewaye da zanen, ka tashi da babban tabo mai hazo a maimakon siririn layi. Idan karcen na can gefe, ka zauna da shi. Idan yana tsakiyar inda kake kallo, a canza gilashin, sau da yawa ana iya barin firam ɗin.

Zafi

Ga dalilin da na ce ban da ruwan zafi. Roba na buɗewa idan ta ji zafi, shafen da ke kanta kuma bai buɗewa daidai da ita, sai ya tsattsage. Za ka ga gilashin ya yi wasu 'yan tsage-tsage masu yawa kamar saƙar gizo, musamman idan haske ya bugo ta gefe, kuma babu gyara. Babban mai jawo wannan shi ne barin tabarau a gaban mota a rana, inda zafi kan haura digiri 70. Yini ɗaya ya isa. Haka leƙa tukunya mai tururi, buɗe murhun gasa abinci fuska na kusa, zama dab da wuta, da na'urar busar da gashi. Firam ɗin roba ma na sakin jiki ya karkace a irin wannan zafin.

Cirewa, ajiyewa da gyara

Hannu biyu ake sa tabarau, hannu biyu ake cire shi. Fizgewa da hannu ɗaya na buɗe ƙafa ɗaya fiye da ɗaya, a hankali ya karkace a fuska. Wannan ba maganar ado kaɗai ba ce: an auna tsakiyar kowane gilashi ne daidai da ƙwayar idonka, idan ya goce sai ciwon kai da gajiyar ido su biyo baya, musamman ga masu gilashin da ya haɗa na nesa da na karatu. Ɗora shi a ka na buɗe ƙafafun, ga man gashi. Kada a kife shi gilashi na kallon tebur. Idan ba a fuskarka yake ba, to ya kasance a cikin gidansa mai tauri, ba jakar ƙyalle ba, kuma ka riƙa kakkaɓe cikin gidan, don shi ma yana tara yashi. Kada a kwanta da shi.

Lokaci-lokaci ka taɓa 'yan notocin da ke maƙale da ƙafafun. Idan sun yi sako-sako, ƙaramin sukurudireba na tabarau zai ɗaure su, ka juya har ya tsaya, kada ka matsa. Ka yi aikin a kan farin ƙyalle don idan notin ya faɗi ka gan shi, kuma ka kare gilashin da yatsa saboda bakin sukurudireba na zamewa. Marar firam, wanda aka huda gilashin aka ɗaure, kada ka taɓa shi da kanka, ɗaurewa kaɗan fiye da kima na tsaga shi. Idan firam ya karkace, ka kai wa masu haɗawa, suna ɗumama shi da na'urarsu kafin su lanƙwasa. Idan ya karye, ka guji gam mai kamawa nan take, hucinsa kaɗai na barin farin tabo a gilashi, kuma yana hana mai gyara yin aikinsa daga baya.

Wanki da ruwa da sabulu sau ɗaya a yini ya wadatar, na fi son da safe kafin a sa shi. Ranar da ka yi gumi sosai ko ruwan gishiri ya fantsamar masa, ka ɗauraye shi a take, kada gishirin ya bushe a kai.