Idan cqlsh ya ce "Connection refused": kurakuran da aka fi yi da Cassandra

Cassandra rumbun bayanai ce da aka ƙera don ta zauna kan na'urori da yawa a lokaci guda, ko ɗaya ta faɗi sauran su ci gaba da aiki. A Facebook Avinash Lakshman da Prashant Malik suka rubuta ta, aka sake ta ga kowa a 2008, daga baya ta koma hannun gidauniyar Apache. Nan Damagaram kuwa, waɗanda nake gani suna fama da ita ɗalibai ne masu kundin kammala karatu da matasa masu koyon aiki, kan kwamfuta ɗaya ko biyu. Kusan dukkansu wuri ɗaya suke cin tuntuɓe: an girka komai, an buga cqlsh, wato manhajar da ake magana da Cassandra ta cikinta, sai ya maido da dogon layi mai ɗauke da "Unable to connect to any servers", ƙarshensa "Connection refused", da lamba 111 a tsakiya.

Abin da mutum ya fara yi shi ne ya ɗora wa rezo laifi. Wani har ya tashi sayen forfe. Ba ruwan intanet a nan. Idan ka buga cqlsh shi kaɗai, adireshin 127.0.0.1 yake nema a ƙofa (port) 9042, wannan adireshi kuwa kwamfutarka ce da kanta. Ko ka cire waya ka kashe Wi-Fi, saƙon ba zai canza ba.

Ka ɗauka ka je wani gida a Birni ka yi sallama. In yaro ya leƙo ya ce maigida ba ya nan, ka san gidan ka samu, mutumin ne babu. In kuwa ka yi ta sallama shiru har ka gaji, ba ka ma san ko muryarka ta shiga ba. "Connection refused" shi ne na farko: na'urar ta ji ka, ta amsa nan take cewa babu mai sauraro a wannan ƙofa. "Timed out" shi ne na biyu, shi ke nuna katangar tsaro da ke haɗiye saƙo, ko hanya da ta yanke. Saboda haka wanda ya ga 111 ya tafi yana kashe ufw, katangar tsaron Ubuntu, mafi yawan lokaci ɓata lokacinsa yake. Gaskiya ne akwai katangar da aka saita ta mayar da ƙi a fili, amma a ajiye wannan zato sai an gama da sauran. Tambayar farko ita ce: akwai mai sauraro a 9042?

sudo ss -ltnp | grep 9042

In bai fitar da komai ba, Cassandra ba ta tashi ba, ko ba ta gama tashi ba, ko ta tashi ta mutu. In ya fitar da layi, dubi adireshin da ya zo kafin 9042 ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Gaggawa ita ce mafi sauƙin magani. Cassandra da Java aka rubuta ta, tashinta da nauyi. Sai ta karanta saitinta, ta buɗe teburanta, ta maimaita rubuce-rubucen da ba su kai ga faifai ba, sannan a can ƙarshe ta buɗe ƙofar baƙi. Kan tsohuwar kwamfuta abin na iya wuce minti ɗaya. Maimakon buga cqlsh sau goma, buɗe littafin aikinta ka zuba ido:

tail -f /var/log/cassandra/system.log

Layin da kake jira shi ne "Starting listening for CQL clients on". Shi ke faɗin adireshi da ƙofar da ta buɗe. Kafin ya fito, ƙin da cqlsh yake yi daidai ne.

Kuskure na gaba ya fi cin rai, domin na'urar ce ke yaudarar mutum. A Ubuntu da Debian, ka buga systemctl status cassandra ka ga "active" da koren launi, hankalinka ya kwanta. Dubi kalmar da ke gefensa. In "exited" ce, abin da ake gaya maka kawai shi ne an aika umarnin tayarwa, ba wai tana raye ba. Tana iya mutuwa bayan daƙiƙa biyar, koren yana nan. Gwada nodetool status, umarnin da ke tambayar Cassandra halin da take ciki. Shi ta ƙofa 7199 yake shiga, in shi ma an ƙi shi, to ta mutu, dalilin mutuwar kuma yana ƙarshen system.log. Wani sa'in ma ba ta kai ga rubuta komai a ciki ba, sai a duba journalctl -u cassandra.

Me ke kashe ta tun a bakin ƙofa? Java ce kan gaba. Kowace fitowar Cassandra da Javar da take ci: 3.11 sai Java 8, 4.0 ta 2021 da 4.1 ta 2022 suna aiki da 8 ko 11, 5.0 ta 2024 kuma 11 ko 17. Mutum ya girka Java mafi sabunta don yana ganin sabo ya fi, sannan ya bi wani tsohon darasi ya ɗauko 3.11. Sakamakon shi ne "Unrecognized VM option 'UseParNewGC'", ta faɗi kafin ta miƙe. Buga java -version ka gani da idonka, ka gyara da update-alternatives ko JAVA_HOME.

Sai RAM. A 3.11 da 4, in ba ka faɗa mata ba, ita ke yanka wa kanta rabo: na'ura mai giga 2 ko 4 ta ɗauki giga 1, mai giga 8 ta ɗauki 2, kuma tun farko take kama shi. In kana cikin VirtualBox mai giga 2, ga Firefox a buɗe, Linux kan kashe ta ba sallama, system.log kuma ya yanke a tsakiyar magana ba tare da wani kuka ba. Shaidar tana cikin sudo dmesg, inda za ka ga "Out of memory: Killed process" da sunan java. Don koyo, rage mata a cassandra-env.sh: MAX_HEAP_SIZE 512M, HEAP_NEWSIZE 128M. A waɗannan fitowar biyun tare ake sa su, in ka sa ɗaya ka bar ɗaya za ta ƙi tashi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu cinye yini. Wanda ya taɓa tayar da ita da sudo cassandra ya bar fayiloli mallakar root, daga nan ba ta iya rubutu a gidanta. Maganinsa chown -R cassandra:cassandra kan /var/lib/cassandra da /var/log/cassandra. Fayil ɗin cassandra.yaml ba ya yafe maɓallin Tab, ba ya yafe rashin tazara bayan ɗigo biyu. Sunan gungu, wato rukunin na'urorin da ke aiki tare, ma haka: da "Test Cluster" take zuwa, tana rubuta shi a cikinta tun tashin farko. Ka canza cluster_name daga baya, ta ce "Saved cluster name Test Cluster != configured name", ta kwanta. Maida tsohon sunan ta tashi tukuna. Wanda ke son nasa suna, ya sa shi kafin tashin farko.

Ɗaukewar wuta ita ce tamu ta gida, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Duk abin da aka rubuta wa Cassandra, da farko a commit log take ajiye shi, kuma a saitinta na asali duk daƙiƙa 10 take tabbatar da shi kan faifai. In wuta ta tafi tana tsakiyar rubutu, guntun fayil ɗin ƙarshe na iya lalacewa. Da wuta ta dawo sai ta zo maimaita shi, ta iske shi a karye, ta gwammace ta tsaya da ta ci gaba da bayanan da ba ta amince da su ba. Wani ɗalibi ya kawo mini kwamfutarsa daga Sabon Gari, batirinta ya daɗe da mutuwa, da caja kaɗai take rayuwa, saura kwana kaɗan ya kare kundinsa.

"Malam, wallahi jiya da dare tana aiki, ban taɓa komai ba."

"Na yarda, ƙanena. An ɗauke wuta a unguwarku?"

Ya ce an ɗauke. Muka gangara ƙarshen system.log, ga shi ɓaro-ɓaro: "Exiting due to error while processing commit log during initialization", sama da shi kuma cikakken sunan fayil ɗin da ya karye, mai farawa da CommitLog. Wannan ɗaya tak muka ɗauke daga /var/lib/cassandra/commitlog muka ajiye a wani wuri, ba mu goge shi ba, ta tashi. Rubutun da ke cikin guntun nan da bai kai ga tebura ba ya tafi. A gungu mai kwafi kan wasu na'urori, nodetool repair zai maido shi. A na'ura ɗaya babu inda za a samo shi. Shi ya sa kafin ka kashe kwamfuta da gangan ka buga nodetool drain, ta zube komai kan faifai. Sabar da ke ɗauke da aikin mutane kuma, ondiler, mai riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ba ado ba ne a gare ta.

A nan ne mutane ke yin ɓarnar da ta fi matsalar girma. Wani ya ga shawara a intanet cewa a goge /var/lib/cassandra gaba ɗaya. Za ta tashi kam, amma fanko, duk bayananka sun tafi. Wani kuma ya cire ta ya sake girkawa, ya ƙone forfe a banza, domin apt remove ba ya taɓa saitin da ke /etc/cassandra, ba ya taɓa bayanan. Lalataccen fayil ɗin yana nan yana jiransa.

Mu koma kan adireshi, inda ruɗani ya fi yawa. Layuka biyu ne a cassandra.yaml masu kama da juna, aikinsu daban. listen_address na hirar na'urorin gungun ne tsakaninsu, ta ƙofa 7000. rpc_address shi ne na baƙi irin cqlsh, ta 9042. In rpc_address yana kan localhost, daga cikin na'urar kaɗai ake shiga, abokinka da ke ɗaya kwamfutar zai sha ƙi. In ka maida shi adireshin na'urar, misali 192.168.1.20, abokin ya shiga, kai kuma da ke zaune gabanta ka buga cqlsh tsurarsa a ƙi ka, don ta daina sauraro a 127.0.0.1. Ba lalacewa ba ce. Buga cqlsh 192.168.1.20, shi ke nan. Adireshin nan da ss ya nuna maka ɗazu, shi za ka bai wa cqlsh.

Mai son ta saurara ta kowane gefe ya sa rpc_address 0.0.0.0, amma dole ya cika broadcast_rpc_address da adireshi na gaske, in ba haka ba ta ƙi tashi. listen_address kuwa ba ya karɓar 0.0.0.0 sam. A ganina ma bai kamata a riƙa saurin yin haka ba: Cassandra da AllowAllAuthenticator take zuwa, ba ta tambayar kowa suna ko kalmar sirri. Sabar haya da ke bisa intanet, a buɗe mata 9042 a wannan hali, duk wanda ya zo wucewa ya shiga. A sa PasswordAuthenticator tukuna, a canza asusun cassandra mai kalmar sirri cassandra.

Waɗanda ke raba intanet daga wayar hannu suna da tasu. Yau wayar ta ba kwamfuta wani adireshi, an rubuta shi a listen_address, komai lafiya. Gobe an je jami'a an hau wani Wi-Fi, adireshi ya canza, Cassandra ta nemi na jiya ta rasa, ta ce "Unable to bind to address", ta mutu. Buga ip addr ka kwatanta da abin da ke cikin fayil. In kai kaɗai kake koyo, bar duka biyun kan localhost ka huta. In gungu kuke haɗawa, kowace na'ura a ba ta adireshi tsayayye, layin seeds, wato adireshin na'urorin da ake fara tuntuɓa wajen shiga gungu, shi ma a gyara shi. Kuma duk canjin da ka yi a cassandra.yaml sai ka sake tayar da ita yake aiki. Canza layi ɗaya, tayar, duba. Wanda ya canza biyar a tashi ɗaya ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

A gungu, na'urar da ke shigowa sabuwa ba ta buɗe 9042 sai ta gama karɓar rabonta na bayanai. In nodetool status ya nuna ta da UJ, wato tana kan shiga, jira ta koma UN, wato ta zauna daidai. In ta tsaya da "Unable to gossip with any peers", ƙofa 7000 ce ko seeds, ba cqlsh ba. In kuwa tana UN amma ana ƙin ka, nodetool statusbinary zai faɗa maka ko ƙofar baƙi a rufe take, nodetool enablebinary ya buɗe ta, sannan ka tabbata start_native_transport yana kan true. Masu Docker su tuna da -p 9042:9042, ko su shiga daga ciki da docker exec, littafin aikin kuma docker logs ke nuna shi.

Wani lokaci sabar lafiyarta lau, cqlsh ne ke zuwa inda ba a aike shi ba. Karanta adireshi da ƙofar da ke cikin saƙon ƙin da kansa. In ba su ne ka nufa ba, duba ~/.cassandra/cqlshrc, ka duba CQLSH_HOST da CQLSH_PORT, wataƙila saitin wani tsohon aiki ne ya saura. In ka ga 9160, tsohon darasi ka bi: ƙofar Thrift ce, tsohuwar hanyar magana da Cassandra, cqlsh ya bar ta tun 2.1, a 4.0 kuma aka cire ta gaba ɗaya. Goge lambar ka sa 9042.