Yadda za ka kauce wa asara idan za ka sayo kayan ɗaki daga ƙasar waje

Duk wanda ya shiga kasuwar Lecong da ke Foshan a ƙasar Sin, ko ya zagaya masana'antun Inegol na Turkiyya, zai ga kujeru da gadaje masu kyau a farashin da zai ja hankalinsa nan take. Sai dai kuɗin da ke rubuce a jikin kujera wani ɓangare ne kawai na abin da za ta ci kafin ta shiga falo, kuma yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka tana aukuwa ne tsakanin ranar da aka biya kuɗi da ranar da aka buɗe kwali.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka tambayi hukumar kwastan ta ƙasarka ko an yarda a shigo da irin kayan, domin akwai ƙasashen da ke hanawa ko su ɗora haraji mai nauyi don kare masana'antunsu. A tsarin lambobin kaya na duniya, kujeru suna ƙarƙashin 9401, sauran kayan ɗaki 9403, katifu kuma 9404, kuma da wannan lamba ake yanke haraji. Sai ka haɗa kuɗin jirgi da inshora da cajin tasha da ladan ejan, wato wakilin da zai fitar maka da kayan daga tasha, da kuɗin motar da za ta kai kayan ƙofar gidanka. Kayan ɗaki suna da cin wuri. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kusan 67, amma ba a iya cika ta maƙil saboda yanayin kwalaye. Idan kayanka kaɗan ne, za a haɗa su da na wasu a kwantena ɗaya, kuma a nan ne madubi da saman tebur suka fi fashewa, saboda yawan lodi da saukewa.

Abin da na fi so mai saye ya fahimta shi ne lokacin da alhakin kayan ke komawa wuyansa. Ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms na 2020 su ne suka fayyace wannan. Idan aka rubuta EXW a takardar ciniki, tun daga ƙofar masana'anta komai naka ne. Idan FOB ne, da zarar kayan sun hau jirgi mai sayarwa ya fita. Mutane da yawa suna sakin jiki da CIF saboda mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora, alhali shi ma haɗarin yana komawa kanka tun a tashar da aka yi lodi, kuma inshorar da aka wajabta masa ita ce mafi ƙaranci, wadda ake kira rukunin C. Tana biya idan jirgi ya nutse ko ya kama da wuta, amma ba ta biyan sata ko karaya ta yau da kullum. Ka nemi rukunin A, wato inshorar da ta fi faɗi, ko da za ka cika kuɗin daga aljihunka. Kada ka dogara da kamfanin jirgi, domin a yarjejeniyar Hague-Visby, wadda ƙasashe da yawa ke aiki da ita, an ƙayyade diyyar da zai biya gwargwadon nauyi ko yawan ƙunshi, ba a duba tsadar kayan. Akwai kuma wata tsohuwar dokar teku da ta ce idan aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya a cikinsa za su raba asarar. An yi amfani da ita a kan jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez a 2021, kuma wanda ba shi da inshora sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kayansa.

Katako yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Tebur da aka haɗa a wuri mai laima, idan ya isa ƙasa mai busasshiyar iska, zai iya tsagewa ko ya kwance a mahaɗarsa bayan 'yan watanni, lokacin da babu wanda za ka kama. Ka sa a rubuta maka irin katakon da kuma tabbacin cewa an busar da shi a na'ura. A cikin kwantena ma, zafin rana da sanyin dare suna tara raɓa a rufi tana ɗiga kan kaya, sai ka buɗe ka tarar da fumfuna a jikin yadi, allon garin katako da aka matse kuma ya kumbura. Maganin wannan shi ne buhunan tsotse danshi da naɗi mai kyau. Akwatin katakon da aka rufe kayan dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, wanda ke nuna an kashe ƙwarin da ke cikinsa. Haka nan tun 2017 itatuwan dangin Dalbergia, waɗanda ake kira rosewood da Turanci, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai da ke fuskantar ƙarewa, don haka kayan da aka yi da su ba tare da izini ba ana iya ƙwace su.

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka biya cikon kuɗi sai kai ko wani mai duba kaya da ka ɗauka ya ga kayan da idonsa, ya ja aljihun tebur, ya danna soso, ya ƙirga notuna da ƙafafuwa, ya ɗauki hoto kafin a rufe kwali. Ka biya ta asusun kamfanin da sunansa ke kan takardar ciniki. Ka auna ƙofa da matakala, ka kuma tuna cewa girman gado ya bambanta: wanda ake kira na sarauniya a Amurka kusan santimita 152 ne da 203, alhali a Turai an saba da 160 da 200. Kujera mai lantarki da aka yi don wutar bolt 120 za ta iya ƙonewa a kan bolt 230.

Ka tabbatar takardar lodi da rasit da jerin kayan sun iso hannun ejan ɗinka kafin jirgi ya iso, domin kwanakin da ake ba da kyauta a tasha kaɗan ne, bayan su kuma kuɗin jinkiri yana hawa kullum. Ranar karɓa, ka duba hatimin kwantena ko lambarsa ta dace da ta takarda, ka buɗe kayan a gaban direba, ka rubuta duk ɓarnar da ka gani a takardar karɓa kafin ka sa hannu. Ɓarnar da ba ta bayyana nan take ba, Hague-Visby ta ba ka kwana 3 ka sanar da kamfanin jirgi a rubuce, kuma ka ajiye kwalayen har wakilin inshora ya zo ya gani.