Yadda Ɗalibi Zai Koyi Zanen Bayanai

Ɗalibin da ke son koyon zanen bayanai, wato haɗa alƙaluma da hotuna domin saƙo ya fito fili, ya kamata ya fara da fensir da takarda kafin ya buɗe kwamfuta. Ya rubuta a jimla guda abin da yake so mai kallo ya fahimta, sannan ya zaɓi siffar da ta dace: ginshiƙai don kwatanta adadi, layi don nuna sauyi cikin shekaru.

Wajen neman basira, ya nazarci zanen da Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ta fitar a 1858, wanda ya nuna cewa cututtuka sun fi raunukan fagen daga kashe sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya. Launi uku kacal ta yi amfani da su, kuma a ganina wannan taƙaitawar ce ƙarfin aikin. Shafukan intanet na Behance da Pinterest ma cike suke da ayyukan ƙwararru, sai dai a kwaikwaye su don atisaye kawai.

Manhajar zane ta Canva ta ishi mai farawa ko da a waya, manhajar Inkscape kuwa kyauta ce ga mai kwamfuta. Kafin ya zaɓi salon rubutu, ya gwada ƙ da ɗ da ɓ, domin da yawa ba su ɗauke da waɗannan haruffa.