Yadda Ake Shirya Sabon Bututu Kafin a Saka Masa Mai ko Gas

Ranar da aka haɗa gaɓar ƙarshe, jama'a sukan ɗauka aiki ya ƙare, alhali da sauran rina a kaba. Cikin sabon bututu akwai yashi da tsatsa da ɓurɓushin walda, wani lokaci har da safar hannu ko guntun katako da wani ya manta. Idan aka saka gas a haka, dattin zai je ya lalata bawul da famfo, abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne fashewa.

Da farko a tabbatar an ɗauki hoton X-ray na gaɓoɓin walda, ko an duba cikinsu da na'urar sauti, kuma an gyara duk wadda ta nuna tsaga.

Sai shara. Akan tura wani toshe mai roba da burushin waya, wanda ma'aikata suka yi wa laƙabi da alade, iska ko ruwa na ingiza shi daga baya. A riƙa maimaitawa har ya fito ba datti. Bayansa sai a tura wani ɗauke da farantin alminiyom mai faɗin kashi 95 cikin 100 na cikin bututun. In farantin ya fito a lanƙwashe, akwai wurin da ya lotse, kuma tilas a nemo shi.

Daga nan sai gwajin ruwa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. A cika bututun da ruwa mai tsabta sannu a hankali, a buɗe mafitar iska a wurare masu tudu har iska ta fice gaba ɗaya. Ga dalili: ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in bututu ya tsage, ƙarfin yakan faɗi nan take. Iska kuwa tana matsuwa, ta tara ƙarfi, in ta samu kafa sai ta yi jifa da ƙarfe. A bar ruwan ya daidaita da zafin ƙasa, in ba haka ba allurar ma'aunin matsi za ta riƙa hawa da sauka, a kasa bambance yoyo da sauyin yanayi. Sannan a ɗaga matsi mataki-mataki. Bututun da ke kai mai nesa akan kai shi aƙalla ninki 1.25 na ƙarfin da zai yi aiki da shi, a riƙe na akalla awa 4. Na cikin masana'anta yawanci ninki 1.5 ne. A killace wurin, kada kowa ya tsaya gaban murfin ƙarshe, kuma kada a taɓa ɗaure noti alhali akwai matsi a ciki.

Matakin da na fi jin tsoron a yi wa gaggawa shi ne busarwa, domin a lokacin kowa ya gaji, masu bututun kuma suna ta matsa lamba a miƙa musu. A fitar da ruwan da alade, a bi da na soso har ya dawo a bushe, sannan a hura busasshiyar iska. A bututun gas akan ci gaba har ma'aunin raɓa, wato matakin sanyin da damshin iska ke fara zama ruwa, ya sauka ƙasa da sifiri sosai, wasu ayyukan har digiri 40 ƙasa da sifiri. Ruwan da ya maƙale a kwari shi ke haifar da tsatsa daga ciki, kuma in ya haɗu da gas cikin sanyi da matsi, sai ya daskare kamar ƙanƙara ya toshe hanya.

Kafin gas ya shiga, a kori iska da naitirojin. Gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa (methane) na kamawa da wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a cikin iska, don haka ba a bari su haɗu. A riƙa auna oksijin a mafita har ya sauka zuwa adadin da takardar aikin ta ƙayyade. A kula, naitirojin ba shi da wari ko launi, yana iya kashe mutumin da ya shiga rami ko ya leƙa cikin bututu ba tare da ya ji wata alama ba.

Daga ƙarshe a buɗe bawul kaɗan-kaɗan, a ɗaga matsi a hankali, ana bin kowace mahaɗa da na'urar gano yoyo ko ruwan sabulu. Inda aka ga kumfa na tashi, a tsaya, a sauke matsi, a gyara, sannan a ci gaba.